Yadda Za Ki Ɓoye Wa Mahaifiyarki Cewa Kin Rame

Idan likita ta ɗora ki a kan maganin suga mai rage ƙiba, kuma kina da uwa irin wadda take auna zaman aurenki da kaurin damtsenki, to gyara zama. Hanyar nan tabbatacciya ce. An gwada ta a Kalgo, an sake gwada ta a Gwandu, kuma wadda ta gwada ɗin, Mubaraka mai ɗinki, tana nan da ranta da aurenta. Ki bi matakan yadda ta bi su, na ba ki tabbacin za ki ga sakamako. Ko wane iri ne, sai kin isa can.

1. Ki tanadi dalili mai ƙarfi

Ba a ɓoye wa uwa magana haka kawai. Mubaraka tana da nata dalili. Mahaifinta, Malam Abdulgani na Dalijan, ciwon suga ne ajalinsa. Ƙaya ta soke shi wurin kiwo, gyambon ya ƙi warkewa, aka yanke ƙafar, bai daɗe ba ya rasu. Tun daga nan Inno, mahaifiyarta, ba ta son jin sunan ciwon. Ko a rediyo aka ambata shi sai ta tashi ta bar wurin. Bayan takaba ita ma ta sha kwanciya, hawan jini ya kama ta.

Shi ya sa ranar da Dakta Halima Sadiya ta duba sakamakon jini ta ce, "Mubaraka, suganki ya hau sosai, kuma nauyin nan ƙara masa ƙarfi yake yi," Inno ce ta fara faɗo wa Mubaraka a rai.

Likita ta yi mata bayani a tsanake. Ƙwaya kullum, allura sau ɗaya a mako, ita za ta riƙa yi wa kanta a fatar ciki. Allurar za ta sauke suga, ta rage mata son abinci, jiki zai ragu a hankali. A rage tuwo, a ƙara ganye, a rabu da lemon kwalba, a riƙa takawa da ƙafa. A dawo duk wata a auna, kuma kada a ƙara kada a rage sai da saninta.

"Akwai tambaya?"

"Akwai, likita. Babu wadda za ta sauke sugan ta bar mini jikin yadda yake?"

Likita ta cire tabarau ta dube ta. "A wurinki, ragewar tana cikin maganin."

2. Ki jawo mijinki ciki tun bai gane abin da ya shiga ba

Mijin Mubaraka, Ashiru, mai gyaran injin ban ruwa ne, siriri tun yana yaro, mutum mai tsananin kunyar surukai. Da ya ji shirin sai ya ce, "Ki gaya mata mana. Uwa ce."

"Baban Anas, so kake a bugo maka waya a ce Inno ta faɗi?"

Ya daɗe yana goge baƙin mai a hannunsa, sannan ya ce, "To, shi ke nan."

Ki lura da wannan kalma. Duk namijin da ya ce "shi ke nan" ya riga ya hau mota, sauran tafiya ba a hannunsa take ba.

Aikinsa na farko mai sauƙi ne. Allurar tana son sanyi, wutar unguwarsu kuwa gaisuwa take zuwa ta wuce. Sai ya kai ta firjin wani mai kemis da ke da sola, duk mako ya je ya ɗauko a cikin ƙaramar kula, yana tafe yana waiwaye kamar wanda ya sato kaza.

3. Kada ki yi ƙarya, kada kuma ki gyara ta wani

Makonnin farko allurar ta zo da tashin zuciya, kamar yadda likita ta faɗa. Ƙanshin soyayyen mai ma sai ya juya wa Mubaraka ciki. Wata safiya maƙwabciyarta Salamatu ta leƙo ta kan katanga ta same ta durƙushe a bakin magudanar ruwa. Murmushi kawai Salamatu ta yi. Kafin la'asar murmushin ya shiga mota ya sauka a Dalijan, wurin Inno.

Inno ta bugo waya. "An ce mini jikin ba daɗi."

"Ba komai, Inno."

"Awo. Haka ake cewa."

Inno ta ɗauka kunya ce irin ta mai ƙaramin ciki. Mubaraka ta gane, ta buɗe baki za ta gyara, sai ta rufe. Daga ranar kaya suka fara sauka daga Dalijan duk ranar kasuwa: man shanu a kwalba, fura, kindirmo, zuma, wani lokaci har da kaza a ɗaure.

4. Abincin uwa ba a zubar da shi, sai a nemo masa ciki

Likita ta ce fura kaɗan, ba suga, ba zuma. Inno ta aiko da abin da zai ciyar da masu aikin gayya. Bayarwa a unguwa tonon asiri ne, don Salamatu na nan. Saura mutum ɗaya.

Ashiru ya fara da sadaukarwa, ya ƙare da jin daɗi. Ya sha fura da safe, ya tafi fadama da wata a gora, ya dawo ya tarar da tuwo yana iyo a man shanu. Kumatu suka fito. Rigar aiki ta daina rufuwa. Manoman shinkafa da a da suke kiransa Ashiru mai inji suka koma ce masa Alhaji.

Mubaraka kuwa sauƙi take samu. Ƙishirwar nan da ba ta ƙarewa ta tafi. Ta koma zura zare a allurar keke ba sai ta nemi wani ba. Tana takawa daga gida har bakin kasuwa ba ta tsaya ta dafa bango ba, kuma masu kabu-kabu sun daina duban tayar baya idan ta tsayar da su. Duk wata likita ta auna ta ce, "Madalla, a ci gaba." Sai Mubaraka ta fito tana murna, ta tuna da Inno, murnar ta ragu da rabi.

5. Ki yi amfani da sana'arki

Aka sa ranar suna a Gwandu, gidan Kawu Mamman, yayan Inno. Babu hanyar ƙin zuwa.

Mubaraka ta rufe shago ta zauna a keke. Ta yanko soson tsohuwar katifa ta ɗinke shi a kafaɗun riga da ƙugu, ta ɗaura zani biyu, ta kawo babban mayafi ta lulluɓa. Ta tsaya gaban madubi ta ga tsohuwar Mubaraka ta dawo.

Shawara ga mai bin wannan mataki: ki duba watan da ake ciki. Mubaraka ba ta duba ba. Lokacin bazara ne, motar kuma ta cika, an matse ta tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa. Kafin su isa Gwandu soson ya sha gumi ya yi nauyi, kafaɗa ɗaya ta zame ta koma baya.

Ta durƙusa ta gaida Inno a cikin mata. Inno ta amsa, ta miƙa hannu ta kamo wuyan hannunta. Nan ne wurin da ba a ɗinka wa soso. Awarwaron da shekaru ya ƙi fita daga hannun ya silale har gwiwar hannu. Inno ta dubi cikin 'yarta, ba ta ga ciki ba. Ta ɗaga kai ta hango zaure, inda surukinta yake zaune ya cika rabin tabarma yana gyatsa. Ta saki hannun.

6. Idan an tsare ki da ido, ki ci

Wannan matakin na rubuta shi ne don an yi shi, ba don ya yi kyau ba.

Mubaraka ta san za a sa ta a gaba, don haka ta tsallake allurar makon, ta bar ƙwayoyin a gida kada a gani. Inno ta dama fura da hannunta, ta zuba suga ba awo, ta ajiye mata, ta zauna tana kallo. Mubaraka ta shanye. Aka kawo tuwon shinkafa, ta ci. Aka kawo lemon kwalba, ta sha. Haka aka yi ta yi har taro ya watse.

Ta dawo Kalgo bakinta a bushe, kanta yana juyawa, tana ganin mutane dishi-dishi. Ashiru bai tsaya shawara ba ya ɗauke ta sai asibiti.

Likita ta auna, sannan ta ce, "Wa ya ce ki tsallake?"

Mubaraka ta ba ta labari har da soso. Likita ta so ta yi dariya, amma ba ta yi ba.

"Idonki da ƙodarki da ƙafarki kike wasa da su. Ki kawo mini mahaifiyar taki."

"Ba zai yiwu ba, likita."

7. Ki shimfiɗa tabarma, baƙi na tafe

Bai zama dole a kawo ta ba. Bayan kwana biyu, da hantsi, mota ta sauke Inno da Kawu Mamman a ƙofar gida. Aka gaisa, aka kawo ruwa, ba wanda ya taɓa.

Kawu ya gyara murya. "Ashiru, mun ba ka yarinya tana cika ƙofa. Yanzu iska mai ƙarfi za ta iya kai ta Jega. Kai kuma, ma sha Allah."

Inno ba ta magana da suruki kai tsaye, don haka ta fuskanci yayanta. "Tambaye shi, cikin da anka ce tana da shi, jikinai ya koma? Man shanun da nike aikowa, wa ke ci? Ta haɗa kayanta. Ban rasa abin ciyar da ɗiyata ba."

Ashiru ya sunkuyar da kai, gumi yana bin sababbin kumatunsa. Kalma ɗaya za ta wanke shi. Ya saci kallon matarsa, ya mayar da kai ƙasa.

"Ku yi haƙuri, Kawu. Laifina ne. Ni na ci."

Mubaraka ta tashi ta shiga ɗaki. Ba kaya ta haɗo ba. Ta fito da kwalin ƙwayoyin ta ajiye a gaban mahaifiyarta, ta durƙusa.

"Inno, suga gare ni. Likita ce ta ɗora ni kan magani, shi ke rage jikin. Baban Anas rufa mini asiri ya yi."

Kawu ya matso kusa da ƙanwarsa, ko za ta faɗi. Ba ta faɗi ba.

"Miƙo ƙafarki."

Inno ta ɗora ƙafar a cinyarta. Ta duba dunduniya, ta buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta shafa tafin. Ta karɓi ɗayar ta yi haka. Babu rauni ko ɗaya. Sai a lokacin ta saki numfashi.

"Furar da na dama maki da suga, kina sane kika sha?"

"Na ji tsoron ki faɗi, Inno."

"Wancan lokaci na faɗi don ba mu sani ba sai da ƙafa ta ruɓe. Ni da na yi jinyar ubanki, ni za ki ɓoye ma wanga ciwo?" Ta goge ido da gefen mayafi. "Tashi ki kai ni wurin likitar."

8. Ki zauna a gefe, an karɓe ragamar

Inno ta yi wa Dakta Halima Sadiya tambayoyi kamar mai sayen saniya. Ramar nan ba wata cuta ba ce? Ina za ta tsaya? Nono fa? Likita ta amsa ɗaya bayan ɗaya: ana lura da ita duk wata, ba za a bari ta wuce ƙima ba, nono ba laifi idan ba a zuba suga ba.

Sai Inno ta yi ƙasa da murya. "Da wagga allura tana nan lokacin ubanta fa?"

"Allah ne masani, Inno. Abin da na sani, nata an gano shi da wuri, kuma yana jin magani idan ba a tsallake ba."

"Ba za a sake ba."

Ta miƙe za ta fita, sai ta nuna ƙofa da haɓa, inda Ashiru yake zaune a benci. "Wancan bawan Allah ma a auna shi. Ni na cika shi."

Aka auna. Sugansa lafiya lau. Ya tambaya a hankali ko shi ma za a ba shi allurar, likita ta ce tasa allurar ita ce ya ajiye babur ya riƙa zuwa fadama da ƙafa. Da yamma Kawu Mamman ya kira shi gefe ya ce Inno ta ce a gaya masa ita ba ta ce komai ba, amma Allah ya yi masa albarka.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ce, kuma ba ta ɗauki alhakin gumi, ko zamewar soso, ko zuwan kawu, ko tumbin miji ba. Allurar nan ba a aronta, ba a kuma sayenta wurin mai talla a cikin mota. Salamatu ta roƙi a ɗan sam mata saboda bikin ƙanwarta, aka kwatanta mata hanyar asibiti. Wadda ta tsallake maganinta don ta burge wani, tsakaninta da likitarta ne.

Idan kuma mahaifiyarki ta tare a gidanki, ta ƙwace ludayi, ta ɓoye gwangwanin suga, tana tashinki tafiyar safe tana gaba kina baya, kada ki neme ni. Inno ta ce mako ɗaya za ta yi a Kalgo. An yi shuka, an girbe shinkafa, jiya kuma ta aika Dalijan a kawo mata akuyarta.