Gwadabe da Injin Danshi

A wani ƙauye bayan Bukuru akwai gidan Malam Hashimu, tsohon hedimasta, wanda ko bayan ritaya bai daina gyara wa mutane magana ba. Yana zaune da matarsa Hajiya Baraka da ƙaninta Gwadabe, magidanci ɗan shekara arba'in da biyar. Gwadabe ba ya ƙin aike. Abin da aka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi.

Da sanyi ya shigo, Malam ya sa aka ƙera murhun gawayi mai bututun hayaƙi a falo. Ɗaki ya yi ɗumi, amma Hajiya ta kamu da busasshen tari, hancinta yana haɓo. Likita ya ce murhun ne ya busar da iskar gidan, a nemi injin da ke sa danshi.

Wata rana Malam ya kira Gwadabe ya ce, "Je ka Jos ka sayo injin. Amma kada ka karɓi kowanne sai mai shagon ya san irin murhunmu sarai." Malam na fita masallaci, Gwadabe ya tumɓuke murhun da bututunsa, ya ɗora a akori-kura. Kwana biyu gidan yana sanyi kamar randa, ga rami a rufi. Ya dawo da murhu da wani farin inji mai doguwar waya.

Malam ya riƙe wayar ya ce, "Wannan a ina za mu soka ta? Ba ka gaya masa ba mu da lantarki ba?"

"Murhu ka ce ya sani, Malam. Ya kuwa san shi, har ƙofarsa ya buɗe ya leƙa."

Wata rana kuma Malam ya zauna ya rubuta wa mai shagon takardar koke mai shafi uku, kowane laifi da lambarsa, yana neman a musanya injin da wanda ya dace. Ya ce wa Gwadabe, "Kai masa abinsa. Kada in sake ganin injin nan a gidana, kuma ka zo mini da amsa a rubuce." Gwadabe ya dire injin a kan kanta, ya miƙa takarda. Mai shago ya dubi shafi uku, ya dubi injin, ya ce, "Musanya ake so?" Gwadabe ya ce shi amsa kawai aka aiko shi karɓa. Ya dawo hannu biyu babu komai, sai wani guntun kwali da aka rubuta, "Na gode."

Malam ya karanta sau biyu. Daga ɗaki ana jin tarin Hajiya.

Wata rana da safe, Malam ya shirya zai tafi Jos da kansa. Ya ce, "Ɗora ruwa a murhu in sha shayi. Kada ka sauke sai na ce, kada kuma ka bari ya ƙone." Sai ga mota ta tsaya a bakin titi, Malam ya ɗauki jakarsa ya fita a guje. Gwadabe ya zauna gaban tukunya. In ruwa ya ja baya ya ƙara, in gawayi ya cinye ya zuba.

Hajiya ta ce, "Gwadabe, sauke tukunyar nan mana, ai ya tafi."

"Bai ce ba, Yaya."

Malam ya kwana biyu a Jos yana bin shaguna, duk injin da aka nuna masa na lantarki ne. Ya dawo a fusace, ya tarar da gilashin taga yana naso, tukunya tana huci, tururi ya cika falo, Hajiya kuwa tana tsintar shinkafa tana hira, ba tari ba haɓo tun jiya.

Gwadabe ya ɗago jajayen idanu ya ce, "Malam, in sauke?"

Malam ya dubi matarsa, ya dubi tukunyar, ya ajiye jaka.

Ya ce, "Ban ce ba."