Ƙwaƙwalwar Aro

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙarshen shekara na lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, a Tasawa ba. Ko na so in manta ma, Mushe Bello (Mushe muke ce wa malami a nan) ba zai bari ba.

Ni malamin kwamfuta ne. Na daɗe ina rubuta wata manhaja mai buga eshek, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da dawaki. Na raɗa mata suna Damisa. Gaskiyar Allah, Damisa ta san dokokin wasa, amma ba ta da hankali ko na kaza. Duk wanda ya zauna sai ya cinye ta (har matata, wadda ni na koya mata wasan).

Sai na gano a intanet wasu bayin Allah sun horar da wata ƙwaƙwalwar na'ura da wasanni masu ɗimbin yawa, har tana duban allo ta san wanda ke gaba. Kyauta suka bayar, abin da suka roƙa kawai a ambace su. Na sauko da ita na haɗa wa Damisa. Ambaton kuwa, na ce sai na samu lokaci.

Jama'a, sai ga Damisa tana cin mutane. Mushe Bello, malamin lissafi, ɗan Fulanin Hawandawaki wanda babu mai kada shi duk lakwal, ya sha kashi har gaisuwarmu ta ragu. Ni kuma kai ya kumbura. Wajen shayi in an tambaye ni, sai in taɓa goshi in ce duk daga nan ta fito. Darakta ya ji labari, ya ce in Damisa ta ci Bello gaban iyayen yara, zai ba ni ɗakin da na daɗe ina roƙo don koyar da eshek.

Ranar biki na sha babbar riga. Darakta ya aiko a yi da kwamfutar ofis, don ita ke haɗe da majigi. Cikin gaggawa na kwafe Damisa na taho. Ƙwaƙwalwar aron kuwa fayil ne daban, na baro ta a kwamfutata ta gida ban sani ba.

Aka fara. Damisa ta kai doki gefen allo, ta dawo da shi. Na ce wa jama'a dabara ce mai zurfi. Ta sake kai shi, na ce su dai su zuba ido. Can sai ta ɗauki sarauniyarta ta ajiye gaban ƙaramin sojan Bello, kamar ta kai gaisuwa. Nan na gane ta. Damisata ce ta asali, aikin hannuna, ga ta ƙatuwa a bango kowa na kallo. Wallahi na ji kunya har cikin ƙashi.

Bello ya dube ni ya ce, "Mushe, lafiya ta kwana kuwa?"

Makirufo na hannuna. Na so in ce zafi ne ya taɓa ta, baki ya ƙi. Abin da ya fito shi ne, "Ƙwaƙwalwar na baro gida. Ta aro ce, ba ni na yi ta ba."

Aka tuntsure da dariya (wata hajiya ma tambaya ta yi ko tawa nake nufi). Bello ya ci sarauniyar a natse, ya ƙarasa wasan. Da muka fito ya kama hannuna, ya ce a rugarsu aro ba abin kunya ba ne. In aboki ya ba ka saniyar habbanaye, ka sha nono, maruƙan da ta haifa naka ne, amma kowa ya san mai ita, kai da bakinka kake faɗa don alfahari.

Duk da kashin da Damisa ta sha, Darakta ya ba da ɗakin, sai dai makullin yana aljihun Bello, kullum sai na je na karɓa. Yanzu in ka kunna Damisa, masu ƙwaƙwalwar take fara ambata kafin ni. Na dai koyi darasi: in ka yi aro, faɗi mai abu tun wajen shayi, kafin ranar da za ka faɗa da makirufo.