Tsarabar da Na Kai Bilma

Ba zan taɓa mantawa da tafiyata Bilma ba, kuma ko na so in manta, 'yan unguwarmu ta Zongo ba za su bar ni ba.

Lokacin ba a daɗe da komawa dimokuraɗiyya ba, kowa a Kwatano ya zama gwanin magana, ni kuwa na fi kowa. Kullum ina majalisa ina cika baki cewa mu jikokin fatake ne. Da abin ya ishi Baba, sai ya haɗa ni da wani shofer, wato direba, ɗan Agadas, ya ce in kai gaisuwarsa gidan Malam Kyari, mai masaukin kakanmu a Bilma.

"Ka zaɓi tsarabar da ba za ta kunyata ni ba," in ji shi.

Na zauna na yi lissafi irin na masu boko. Mutanen hamada sun yi nisa da teku, me za su rasa? Gishiri! (Duk labaran da kaka yake bayarwa, gyangyaɗi nake yi.) Na sayi buhu guda, na ɗinke bakinsa, ban gaya wa kowa ba.

Na sha wahalar buhun nan! 'Yan duwan, wato kwastan, sun caccake shi a kan iyaka, a Malambil. Daga Agadas a saman kamiyo, babbar motar kaya, na rungume shi, akuyar wani tana lasa, ina korar ta.

Da muka isa na ga dabino, na kuma ga wasu dogayen curi jere reras, na ɗauka tubalin gini ne. A ƙofar gidan Malam Kyari ma a kan guda na zauna, dattawa suna kan tabarma. Na farke buhu da kaina, har da gyaran murya.

Malam Kyari ya dangwala ya lasa. "Ɗana, gishiri ne?"

"Na bakin teku, Malam. Na san a nan yana wuya."

Ya dube ni da tausayi. "Lasa abin da kake zaune a kai."

Na lasa. Kantun gishiri ne. Garin kaf gishiri yake haƙa, shi kakana yake zuwa saye!

Shofer ya riga ni kai labari gida. Baba ya yi sati bai dubi inda nake ba.

Yanzu in tsoho ya fara labari, ko karo na goma ne yake maimaitawa, goro nake jefawa a baki in gyara zama.