Damisar Dutsen Gwauro

Wani mutum ne a unguwarmu, Labaran mai gyaran rediyo, amma in ka zo nemansa da wannan suna sai ka gaji da yawo. Damisa za ka ce. Ƙafarsa ta hagu a karkace take, in yana tafiya sai ka ce rawa yake takawa shi kaɗai. To wannan ƙafar ita ce jarinsa a duniya.

Akwai wata tsohuwar waƙar kukuma, tun ta zamanin garmaho, inda makaɗin yake wasa wani dutse da ke Zangon Ƙirya:

*Dutsen Gwauro, mai hana rana wucewa,*
*Shaho ya zo rabi ya nemi ruwa.*

Kullum da yamma in majalisa ta cika a ƙofar shagonsa, sai Labaran ya sa kaset ɗin. Ana zuwa wannan baiti sai ya rage murya, ya daki ƙafar nan, tas!

"Kun ga wannan? Daga ƙololuwar dutsen nan na faɗo. Ina faɗowa, ina faɗowa, har yunwa ta kama ni a hanya. Na gamu da shahon ma, muka gaisa."

Saboda wannan labari aka bar masa kujera mai majingini, shi ake fara zuba wa shayi, kuma ko musun ƙwallo ake yi, in ya yi magana an gama. Wa zai ja da mutumin da ya ga duniya daga sama? Nomau mai kayan miya kuwa, bawan Allah marar wayo, ko cewa Labaran ya yi ya taɓa shafa kan wata, amin zai ce.

Mutum ɗaya ne ba ya ce masa Damisa, wato Sallau taubashinsa. Sai Allah ya hore wa Sallau wata tsohuwar mota, irin wadda komai nata yake ƙara ban da ham.

"Labaran," in ji shi a gaban kowa, "ashe Zangon Ƙirya ga ta nan kusa. Ranar Asabar mu je ka nuna mana inda kuka gaisa da shaho."

Labaran ya gyara zama. Ba wai bai taɓa zuwa garin ba ne. Ya je, kuma abin da ya sa hankalinsa ya tashi ke nan. In aka ga abin da ya sani, shi da kujera da sunan Damisa sai dai a lahira.

"Asabar?" ya ce. "Kai yaro ne. Aljanun dutsen ba sa son baƙi ran Asabar."

"To Lahadi."

"Lahadi suke cin kasuwa."

"Madalla! Ba sa gida ke nan."

Majalisa ta ɗauki shewa, magana ta ƙare.

Ran Lahadi da hantsi suka kama hanya su uku. Nomau ya zo da rigar sanyi da hular kunne, wai ya ji an ce can sama akwai ƙanƙara. Labaran yana gaba, bakinsa yana motsi, ana zaton tasbihi yake, nan kuwa roƙon Allah yake taya ta fashe. Ina! Motar da kullum sai an tura, ranar bugu ɗaya ta tashi. Da suka zo mararraba Labaran ya ce a yi dama, alhali hagu ce hanya. Suka faɗa gonar rogon mutane, mai gona ya fito da fartanya yana zage-zage, shi ya ɗora su a kan hanya, har da nuna musu hasumiyar masallacin garin.

Suka shiga Zangon Ƙirya. Ƙasa shimfiɗe kamar faifai, ko tudun tururuwa babu. Nomau ya leƙa ta taga yana ta ɗaga kai har wuyansa ya ƙage. Sallau ya tsaya a dandalin ƙofar gidan maigari, ya ga wata mata a tsugune.

"Baiwar Allah, sannu da aiki. Don Allah ina Dutsen Gwauro?"

"Ga shi nan," ta ce. "Bari in kwashe kuɓewata ku gani da kyau."

Ta share busasshiyar kuɓewa cikin ƙwarya, ta tashi. Jama'a, dutse ne dai, ba a yi ƙarya ba. Kamar an kife turmi. In ya yi tsawo ya kai gwiwa.

Sallau ya dubi dutse, ya dubi Labaran, ya sake duban dutse. Gumi ya keto wa mutumin naku har cikin kunne. Amma ai tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Sai ya tuntsire da dariya.

"Kai, ƙauyanci bai yi ba! Wannan ai tsininsa ne. Garin nan gaba ɗaya a kan dutsen yake zaune. Tun daga gonar rogon nan muke hawa, ba ku ji mota tana nishi ba?"

"Shi ya sa!" Nomau ya yi ihu. "Wallahi tun ɗazu kunnena ya toshe!" Ya zauna daɓas a ƙasa, ya dafe ta da hannu bibbiyu. "Ku riƙe ni, jiri nake gani. Kada wanda ya matsa baki!"

Shi kansa Sallau sai da ya ɗan yi tababa, don gaskiya motar ta yi nishi. Labaran ya ga ƙofa ta buɗe. "To kun gani, mu tafi kafin masu wurin su dawo daga kasuwa." Ya nufi mota, ɗingis, ɗingis, zuciyarsa fes.

"Kai mai ƙafa! Tsaya nan!"

Wani tsoho ne ya taso daga gindin dalbejiya yana dogara sanda. Bai ko dubi fuskar Labaran ba. Tsugunawa ya yi, ya ɗage masa wando, ya shafa ƙwauri tun daga gwiwa har idon sawu, kamar mai taya akuya.

"Allahu Akbar. Aikina ne. Ni ne Jatau maɗori, kuma wannan ce ƙafar da na fara ɗorawa a duniya. Ranar babana ya yi tafiya. Ka yafe ni ɗan nan, a lokacin ban gama sanin gaba da baya ba."

"Baba, ba ni ba ne," in ji Labaran yana jan ƙafa.

"Fuska takan ɓace mini, amma ƙafa ba ta ɓace mini."

Nomau ya rarrafo da murna. "Ga shaida! Baba, kai ka tsince shi da ya faɗo daga sama? Ramin da ya yi a ƙasa yana nan?"

"Wace sama? Saurayi ne ya shigo garin nan da rediyo a kafaɗa da jar dara a ka, yana ta yanga 'yan mata su gani. Talotalon maigari ya hango jan abu, ya biyo shi. Bawan Allah ya zura da gudu yana kiran uwarsa, ya yi tuntuɓe da dutsen nan, sai ji muka yi ƙas! Har gobe a garin nan in mutum ya cika tsoro, mai rediyo ake ce masa."

Sallau ya jingina da mota, dariya ta hana shi numfashi. Da kyar ya ce, "To Baba, waƙar fa? Shahon fa?"

"Ai makaɗi ne ya kwana a nan, maigarin lokacin ya ba shi rago ya ce a wasa garin. Ya duba gabas ya duba yamma, ba kogi ba kasuwa, sai dutsen da yake zaune a kai. To me kake so ya ce, ya mayar da rago?"

Labaran ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ya gyara hula, ya buga ƙirji.

"Tsufa ne ya rikita tsohon nan! Ni? Talotalo? Ni da na yi kokawa da gwaggon biri a kan..."

"Gulu-gulu-gulu!"

Daga zauren maigari wani ƙaton talotalo ya fito, jikan jikan wancan, ya baza wutsiya, wuya jawur, yana jan fiffike a ƙasa, shuuu. Kafin ka ce kwabo, Damisa ya yi tsalle ɗaya ya ɗare Dutsen Gwauro. Ya tsaya a kai da ƙafa ɗaya, ya tattare riga har ƙirji.

"Wayyo Inna! Sallau, ku kore shi! Ku yi wa Allah ku kore shi!"

Talotalo ya zo gindin dutsen ya tsaya. Ko miƙa wuya bai yi ba, ya kai masa sara a cinya. Labaran ya fara tangal-tangal, Sallau ya yunƙura zai tare shi.

Baba Jatau ya sa sanda ya tare Sallau, ya shiga naɗe hannun riga.

"Bar shi ya faɗo, ɗan nan. In ɗora ta daman ma, su daidaita."