Shekara Uku Ina Gina Wa Matata Manhajar Awo

Zuwa ga Mai Girma Zumuɗi,
Shugaban Hukumar Fara Aiki,
Jagoran masu buɗe kwamfuta da kyakkyawar niyya.

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya a duk inda ka ɓuya.

Ranka ya daɗe, ni mai rubuta manhaja ne a wani kamfani, Litinin zuwa Juma'a. Shekara uku da suka wuce ka same ni ina shan shayi, ka sa na yi wa matata alkawari. Tela ce, tana rubuta awon kwastomominta a wani littafi da bangonsa ya fita. Na bugi ƙirji na ce cikin mako biyu zan gina mata manhajar awo. Don haka ta sakar mini teburin bakin taga, wuri ɗaya tak mai haske a gidan, ta mai da keken ɗinkinta lungun bayan ƙofa. Watan jiya ta ce in Asabar ɗin ƙarshen wata ta zo babu manhaja, tebur zai koma hannun mai shi. Ga ƙorafina, cikin ladabi.

Na farko, lokutan ziyararka. Kana zuwa ina wanka, sabulu a ido. Kana zuwa tsakiyar taron ofis, shugabana na tambayata rahoto. Amma ran Asabar da safe, yara sun tafi gidan kakarsu, kwamfuta cike da caji, sai ka turo mini hamma ta wakilce ka. Shin hukumarka ba ta aiki ne a ƙarshen mako?

Na biyu, shafin shiga. Sau goma sha ɗaya ka sa na gina shi, alhali mutum ɗaya ce a duniya za ta yi amfani da manhajar, kuma ɗaki ɗaya muke kwana. Na sa kalmar sirri mai baƙi goma sha biyu, da lamba, da alama. Ranka ya daɗe, wane ɓarawo ne ke farautar faɗin kafaɗar matar mai gyaran famfo? Wurin rubuta awon kansa kuwa, ko layi ɗaya ban fara ba.

Na uku, duk ranar da aiki ya kai rabi, sai ka kawo mini bidiyon wani mai faffaɗan murmushi yana cewa hanyar da nake bi ta tsufa, masu ilimi sun koma wata. Sai in rushe komai in sake daga tushe. Yanzu a kwamfutata akwai “awo”, da “awo sabo”, da “awo na gaske”, da “awo na ƙarshe”, da “awo na ƙarshe wallahi”. Babu wanda ya san tsawon hannun riga a cikinsu.

Na huɗu shi ya fi ci mini rai. Na gane matsalata tsara lokaci ce, na yi niyyar aiki minti ashirin da biyar, hutu minti biyar. Agogon wayata ya isa wannan. Amma ka raɗa mini cewa mutum irina bai kamata ya dogara da agogon wani ba, ya gina nasa. Wata biyu na yi a kai. Yana ƙirga minti daidai, sai dai in lokaci ya cika ba ya yin ƙara, don ka tafi kafin mu kai nan.

Asabar ta zo. Na nuna mata shafin shiga, shuɗi, mai kyau. Ta duba, ta yaba launin, ta roƙe ni in kama mata keken ta gefe ɗaya mu mai da shi bakin taga. Ko faɗa ba ta yi ba. Sai da na zauna a lungun bayan ƙofa na ga irin duhun da ta shekara uku tana zura zare a ciki. Na ji kunya ƙwarai.

Ta kuma ba ni muƙami. Littafin yana hannuna yanzu. In kwastoma ta shigo, matata takan ɗaga murya ta tambayi manhaja awon ƙugu, ni kuma in lashi yatsa, in buɗe shafi, in karanto. Ta shaida wa ƙanwarta cewa ina da sauri, ba na neman kalmar sirri, illa dai ina cin abinci da yawa.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma, in ka tashi kawo ziyara ta gaba, kada ka wahalar da kanka. A karon farko ana amfani da aikina kullum, kuma ina tsoron ka zo ka ce a rushe ni a sake daga tushe.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Manhaja, mijin tela,
Lungun bayan ƙofa.