Miyar Lantiy a Gidan Masu Shanu

Ba zan taɓa mantawa da girkina na farko a gidan surukaina ba, kuma ko na so in manta, akwai dattijo guda a Djougou da ba zai bar ni ba.

Ni 'yar unguwar Guéma ce, a Parakou na tashi, na yi karatu na kama aikin ofis, na kuma fara ganin kaina a matsayin wadda ta waye fiye da kowa a danginmu. Maigidana kuwa ɗan masu fataucin shanu ne a Djougou. A gidansu, in an kawo amarya ta huta, sai a sa ranar da za ta ɗora tukunyar farko, dangi su taru su ci su yanke mata hukunci. Daga ranar ake sanin matsayinki a gidan.

Da sassafe surukata, Hajiya, ta aiko mini da cinyar rago guda. Mai hankali ta san abin da ake nufi. Ni kuwa, gwanar ilimi, na tura cinyar cikin firigo ta sha sanyi, na buɗe jakata na fito da ƙullin lantiy da na sayo a babban kanti a Parakou (wasu 'yan ƙananan wake ne masu faɗi, kamar maɓallan rigar jariri). Dalilina? Maigidana ya taɓa raɗa mini cewa mahaifinsa, Alhaji, yana fama da hawan jini, har likita a Parakou ya hana shi nama da gishiri. Ya dai ce kada in faɗa wa kowa, amma wannan ɓangaren bai zauna a kaina ba.

Na soya albasa da tafarnuwa cikin ɗan mai kaɗan, na zuba tumatir, na yanka karas da kabeji, na wanke lantiy na juye, na cika ruwa. Gishiri kuwa, nuna wa tukunyar kawai na yi. Da ta nuna na watsa alayyafo, na tsaya ina shaƙar ƙamshi ina jin tausayin mutanen da yau ne za su fara cin abincin masu ilimi. Ko sakwara ban daka ba. A bidiyon da na koyi girkin, da cokali ake sha.

Aka shimfiɗa tabarmi. Maza suna gefe da Alhaji, mata suna kewaye da Hajiya. Gwaggon maigidana ce ta fara buɗe kwano. Ta sa ludayi ta juya, ta kai har ƙasa ta ɗago, ta sake komawa kamar mai neman ɗankunne a rijiya.

"Amarya, wannan ruwan mine ne? Ina miyar?"

"Ita ce miyar, Gwaggo."

"To ina cinyar da aka aiko miki? Ko ragon gidanmu bai yi miki ba?"

A nan ya kamata in durƙusa in ce kuskure ne. Ina! Sai na gyara ɗankwali, na ɗaga murya yadda har maza za su amfana.

"C'est bon pour la santé, Gwaggo, wato tana gyara lafiya. Saboda tansiyon Baba na yi, hawan jinin nan nasa. Ai likitansa na Parakou ya hana shi nama da gishiri."

Maigidana ya sunkuyar da kai yana nazarin saƙar tabarma. Hajiya ta ajiye cokali a hankali, ta juya wajen maza.

"Alhaji, wane likita?"

Ashe duk tafiyar da yake yi Parakou, kasuwar shanu yake ce mata zai je. Ya ga likita, ya ɓoye magani a aljihun babbar riga, ya dawo gida ya zauna gaban tsire da romon kai kamar ba shi ba. Sirrin da ya daɗe yana riƙo, ni na kwance shi a gaban ƙannensa da 'ya'yansa, da Faransanci kuma.

Alhaji ya dube ni. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige, da ni da tukunyar. Cewa kawai ya yi, "Allah shi yi albarka, ɗiyata," da irin muryar da ake sallamar wanda ya taka maka ƙafa a masallaci.

Hajiya kuwa ta ɗebi miyar ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Babu daɗi ko kaɗan. Gobe ki koya mini."

Tun daga ranar na samu shiga wajen Hajiya, na rasa wajen Alhaji. Mutumin da shanunsa ke cika mota, yanzu lantiy yake sha da cokali, Hajiya na zaune a kansa har ya ga ƙasan kwano. Duk zuwan da zan yi Djougou sai ta kira ta ce kada in manta da ƙullin waken nan, ni ce mai kawo kayan azabar. In na durƙusa gaishe shi, sai ya ce, "Lafiya lau, dokotoro. Yau kuma mi aka hana ni?"

Na dai koyi darasi: in an aiko miki da cinya, ki dafa cinya. In kuma miji ya ce kada ki faɗa wa kowa, to har da mutum talatin da ke zaune a tsakar gida yake nufi.