Mowbray Ba Ya Riƙe Fartanya

Da asuba, sa'ad da matan gonar shayi ke goya kwanduna suna hawan tudu, mai girma magatakardan awo yana tsaye gaban madubi yana furta sunansa. Sau ashirin kullum. Irin wannan himma babu ita a Thyolo kaf.

Lackson Namakhwa uwarsa ta raɗa masa. Amma mai basira ba ya zama inda aka ajiye shi. Wata rana ya ga "Mowbray" a jikin wani tsohon dutsen kabari bayan cocin Turawa. Fadan cocin ya ce masa sunan wani gidan sarauta ne a Ingila tun zamanin takobi. Ya goge dutsen da hankici, ya tafi da sunan. Mai shi bai yi ƙorafi ba.

Tun ran nan ya daina cewa "ni". "Mowbray bai ga kwandonki ba." "Mowbray ba ya cin tuwon masara da hannu." "Mowbray ba ya gudu don ruwan sama." Wannan na ƙarshen ya cika shi, ya sha isa ofis sharkaf. Masu tsinkar ganye suka sa masa Sarkin Sikeli. A gabansa kuwa Bwana suke cewa, wato maigida, tunda sikelin a hannunsa yake.

Tsoho Kapito shi ne shugaban masu haƙar kabari na ƙauyen. In an yi mutuwa, kowane namiji yakan zo da fartanya, ko sara uku ne ya yi. Kapito bai iya rubutu ba, amma ba ya mantuwa. Sarkin Sikeli bai taɓa zuwa ba. Kati yake aikowa mai baƙin gefe: "Gidan Mowbray na taya ku jimami." Ranar da aka binne matar Kapito ma kati ne ya zo. Da shi Kapito ya toshe inda rufinsa ke yoyo.

A tsakiyar damina uwar Sarkin Sikeli ta rasu. Ya iso maƙabarta da baƙar kwat da farar safar hannu, ya tarar da maza goma sha biyu zaune, kowa ya jingina da fartanyarsa. Ƙasa ko ƙwarzane babu. Gawa na gida tun jiya, hadari kuma ya taso ta wajen dutsen Mulanje.

"Mowbray na son a kammala kafin tsakar rana," in ji shi.

Kapito ya ɗago kai. "Wa ya rasu, Bwana?"

"Mahaifiyar Mowbray."

"Allah ya jiƙanta. Ai kun yi ɓatan hanya. Naku ɗaya na bayan coci, sauran suna Ingila. Nan wajenmu ne, talakawa."

Wani daga baya ya ce, "A gaya musu za mu aiko da kati."

"Mowbray zai kai ƙara wurin mai gari!"

Kapito ya ce, "Ga shi nan, na uku daga dama. Mai sabuwar ƙota."

Sai Sarkin Sikeli ya yi jawabi. Ya kawo tarihin gidan, ya kawo dawakai da garkuwa da wani yaƙi da aka yi kafin a san shayi. Aka saurare shi da ladabi. Ba wanda ya motsa. Yayyafi ya fara, kukan mata na tasowa daga cikin ƙauye.

Kapito ya ce, "Tsohuwar nan shekara arba'in tana dafa mana tuwo a kowace jana'iza. Don ita za mu haƙa. Amma sai ɗanta ya fara sara, kuma ɗa ɗaya muka san ta haifa."

Ya dubi sama, ya dubi safar hannunsa.

"Kawu Kapito, ni ne."

"Kai wa?"

"Lackson. Ara mini fartanya, don Allah."

Kapito ya miƙa masa mafi dakushewa. Sara uku al'ada ta ce, sai dai ran nan kowa ya manta ƙirge, har ramin ya kai masa gwiwa kafin sauran su tashi.

An binne ta kafin ruwan ya yi ƙarfi. Da aka kawo wa masu haƙa tuwonsu, yana nan a tsugune cikinsu, kwat rataye a reshe, tafinsa duk bororo. Ya sa hannu a kwano, ya gutsuro loma, ya sake gutsurowa, ya lashe yatsunsa.